Farfesa Ishaya Audu, Likitan Sardauna Da Ya Tsaya Wa Zik Mataimaki

Duk lokacin da zaɓen shugaban ƙasa ya gabato, aka ce ɗan takara ya fito da wanda zai tsaya masa mataimaki, sai ka ji gardama ta kaure a Agege da Idi-Araba da Sabo ta Badun da sauran unguwannin da 'yan Arewa ke zaune a kudu. Tambayoyin kuwa ba su sakewa: daga wane yanki ya fito, wane addini yake bi, kuma ƙuri'a nawa zai kawo. Wannan gardama ta samo asali ne daga 1979, shekarar da aka fara zaɓen shugaban Nijeriya da mataimakinsa da ƙuri'a ɗaya. A wannan shekara mutum biyar suka tsaya mataimaka, amma ɗaya ne tak ɗan Arewa a cikinsu, wato marigayi Farfesa Ishaya Sha'aibu Audu, Bahaushen ƙasar Zazzau, Kirista, likitan yara, wanda ya taɓa zama likitan Sardaunan Sakkwato. Tarihinsa ne muka kawo wa masu karatu a wannan mako.

An haifi Ishaya Audu ran 1 ga watan Maris 1927 a Anchau, garin da yau yake cikin Ƙaramar Hukumar Kubau ta Jihar Kaduna. Tsofaffi sun san Anchau da ciwon barci, wanda ƙudan tsando ke kawowa. Ciwon ya yi ɓarna a wannan yanki har sai da Turawa suka sa aka sare kurmin bakin rafuka, aka tashi mutane daga mazauninsu, aka kuma gina sabon gari aka sa masa suna Takalafiya. A irin wannan ƙasa aka haifi yaron da zai zama likita. Mahaifinsa Musulmi ne da ya koma addinin Kirista, abin da ba a cika gani ba a ƙasar Hausa a wancan zamani, saboda haka yaron ya tashi cikin wata 'yar ƙaramar al'umma wadda harshenta da tufafinta da abincinta duk na Hausawa ne, addini kaɗai ya raba ta da maƙwabtanta.

Cibiyar wannan al'umma ita ce Wusasa, a bayan birnin Zariya. Likita Mila, Baturen mishan ɗin nan da ya zauna cikin birni tun 1905, shi ne ya dasa tushenta, daga baya a ƙarshen shekarun 1920 mishan ta tashi daga cikin ganuwa ta koma Wusasa da makarantarta da asibitinta. A makarantar St. Bartholomew ta can Ishaya ya fara karatu. Wusasa ƙauye ce, amma mutanen da ta fitar sun fi ƙarfin girmanta. Daga wannan mishan Dakta R.A.B. Dikko ya fito, likita na farko a 'yan Arewa, wanda ya shugabanci Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu. A can kuma Yakubu Gowon ya tashi, shi da Ishaya ya girme shi da shekara bakwai.

Da ya gama da makarantun Arewa sai ya yi abin da yawancin masu karanta wannan shafi suka yi, wato ya ɗauki kayansa ya nufi Ikko. A wancan zamani jirgin ƙasa ne hanya, daga tashar Zariya har Iddo, kuma ɗan Arewa a babbar kwalejin Yaba abin nunawa da yatsa ne don ƙarancinsu. A 1948 aka buɗe kwalejin jami'a a Badun, ta farko a ƙasar nan, aka kwashe ɗaliban Yaba zuwa can, shi ma ya koma. Tun da yake Badun ba ta da asibitin koyarwa tukuna, ɗaliban likitanci sukan yi rabin karatu a gida ne su je Ingila su ƙarasa. Haka ya tafi Landan a 1951, ya zauna har 1954, sa'an nan a 1955 ya yi wani karatun a Jami'ar Libaful. Ya yi aure a 1958, matarsa 'yar kudu ce, Allah kuma ya ba su 'ya'ya shida.

Abin da ya fara fito da sunansa shi ne zamansa likitan Firimiyan Jihar Arewa, Sir Ahmadu Bello. Ya kamata a tsaya a nan kaɗan. Babu wanda ya san raunin babban mutum kamar likitansa, domin shi ke ganinsa ba rawani ba alkyabba, shi kuma ke da ikon ce masa kwanta ya kwanta. Sardauna jikan Shehu Usmanu ne, a shekarunsa na ƙarshe kuma ya yi ta zagaya lardunan Arewa yana kiran mutane zuwa Musulunci, amma duk da haka jikinsa ya danƙa wa ɗan wanda ya bar Musulunci. Ba Ishaya kaɗai ba ne Kiristan da ya yi aiki kusa da Firimiya, akwai irin su Michael Audu Buba a cikin ministoci da Sunday Awoniyi a cikin ma'aikata, sai dai aikin likita amanarsa dabam ce. Wannan amana ita ce jarin da ya bi shi har ƙarshen rayuwarsa, ko da yake za mu ga cewa a ranar jefa ƙuri'a ba ta yi masa wani amfani ba.

A 1962, shekarar da aka kafa Jami'ar Ikko, ya sake komowa kudu ya zama malami a makarantar koyon likitanci da ke Idi-Araba, maƙwabciyar unguwar Hausawa. Ya kuma je Amurka ya yi aikin bincike a Jami'ar Rochester. Da abubuwa sun tafi yadda suka faro, mai yiwuwa da a ɗakin duba yara marasa lafiya zai ƙare aikinsa. Sai 1966 ta zo.

Ran 15 ga watan Janairu na wannan shekara aka kashe Sardauna a Kaduna, aka kashe Firayim Minista Abubakar Tafawa Ɓalewa a kudu. A watan Mayu Janar Ironsi ya kafa Doka ta 34 wadda ta rushe jihohi ta mai da mulki hannu ɗaya, ɗalibai suka yi zanga-zanga a Zariya, tarzoma ta bazu cikin garuruwan Arewa. A ƙarshen Yuli aka sake juyin mulki, Gowon ya hau. A watannin Satumba da Oktoba aka yi mummunan kisan 'yan ƙabilar Ibo mazauna Arewa, waɗanda suka tsira suka kwashe zuwa gida. To, a cikin wannan shekara ce aka naɗa Ishaya Audu shugaban Jami'ar Ahmadu Bello, yana da shekara 39, ya gaji Norman Alexander wanda ya riƙe ta tun buɗe ta a 1962. Shi ne ɗan ƙasa na farko da ya hau wannan kujera.

Jami'ar da ya karɓa marainiya ce. Wanda ya kafa ta ya rasu, malamai da ma'aikata 'yan gabas sun tafi, a watan Mayu 1967 kuma aka raba Jihar Arewa gida shida, ya zamana jami'a ɗaya tana da iyayen gida shida, kowanne da aljihunsa da bukatarsa. Bayan wata biyu yaƙin basasa ya ɓarke, bai ƙare ba sai Janairu 1970. A cikin wannan hali aka buɗe sashen koyon likitanci a 1967, aka jingina shi da asibitocin gwamnati na Zariya da Kaduna. A 1970 aka buɗe makarantar share fage, kuma a ganinmu wannan ita ce babbar gadon da ya bari. Matsalar a lokacin ita ce makarantun sakandare na Arewa ba su fitar da isassun yara masu takardar da ake shiga jami'a da ita, saboda haka in an bi ƙa'idar yadda take, jami'ar Arewa za ta cika da kowa ban da 'yan Arewa. Makarantar share fage ta riƙa ɗaukar yaro daga aji biyar na sakandare, ta horar da shi, ta miƙa shi cikin jami'a. Da yawa daga cikin manyan ma'aikata da alƙalai da likitoci da gwamnonin da Arewa ta yi taƙama da su daga baya ta wannan ƙofa suka shiga. Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano ma a ƙarƙashin Zariya take a duk zamaninsa, kafin ta tsaya da ƙafarta.

Shekara tara ya yi a kan kujerar. Ya bar ta a 1975, shekarar da aka hamɓarar da Gowon, Farfesa Iya Abubakar ya gaje shi.

Yanzu sai mu zo kan maganar mataimaki. A jamhuriya ta farko babu wannan muƙami sam. Firayim Minista ne ke da iko, daga cikin majalisa yake fitowa, Dakta Nnamdi Azikiwe kuwa shugaban ƙasa ne na girmamawa. Janar Murtala Muhammed ne ya kafa kwamitin tsara sabon tsarin mulki a watan Oktoba 1975 a ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, kwamitin ya kawo tsari irin na Amurka, majalisar da Mai Shari'a Udo Udoma ya shugabanta ta amince da shi a 1978. Su Amurkawan ma ba su dace da dabarar tun farko ba. A da, wanda ya zo na biyu a zaɓe shi ke zama mataimaki, har a 1796 John Adams ya zama shugaba, abokin hamayyarsa Thomas Jefferson ya zama mataimakinsa, sai a 1804 suka gyara dokar. Mu namu tsarin ya ce ɗan takarar shugaban ƙasa bai cika ɗan takara ba sai ya ambaci wanda zai tsaya masa mataimaki, in ya ci sun ci tare. Ya kuma ƙara da wani sharaɗi mai nauyi, cewa yawan ƙuri'a kaɗai bai isa ba, sai mutum ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a kashi biyu cikin uku na jihohi, jihohin kuwa 19 ne a lokacin. Wannan sharaɗi shi ya sa kowane ɗan takara ya waiga wajen yankinsa yana neman abokin tafiya.

An ɗage dokar hana siyasa a watan Satumba 1978. Jam'iyyar NPP na cikin na farko da suka fito, kuma haɗakar ƙungiyoyi ce. Akwai mutanen Alhaji Waziri Ibrahim, akwai tsofaffin 'yan NCNC na Ikko irin su Cif Adeniran Ogunsanya, akwai kuma ƙungiyar da ake kira Kulob 19, wadda su Solomon Lar da Paul Unongo ke ciki, mutanen da suka haɗa kai a majalisar tsarin mulki lokacin da aka yi zazzafar gardama kan kafa kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a ta tarayya. Ba a je ko'ina ba rigima ta tashi, domin Waziri yana son ya riƙe shugabancin jam'iyya da takarar shugaban ƙasa gaba ɗaya. Ya fita ya kafa GNPP, waɗanda suka rage suka je suka roƙo Zik, wanda ya daɗe da janye jiki daga siyasa, ya dawo ya riƙe musu tuta.

Zik yana da shekara 74 a lokacin, saboda haka wanda zai tsaya masa mataimaki ba abin wasa ba ne, kowa ya san cewa kujerar tana iya faɗowa kansa. Dole ne kuma ya fito daga Arewa, tun da Zik mutumin Anacha ne, ko da yake a Zungeru aka haife shi, ya kuma ji Hausa tun yana yaro. Ga wanda ya duba yadda NPP take, Ishaya Audu ya dace da ita ta fuskoki uku. Kirista ne, saboda haka mutanen Filato da Binuwai da kudancin Zariya, waɗanda su ne ƙashin bayan jam'iyyar a Arewa, za su ga nasu ne. Bahaushe ne, kuma likitan Sardauna, saboda haka ba a iya cewa baƙo ne a Kano ko Katsina. Sa'an nan dubban waɗanda suka yi karatu a Samaru da Kongo sun san shi, hannunsa kuma ba shi da dattin siyasar jamhuriya ta farko. A takarda lissafin ya yi kyau. Abin da lissafin bai ɗauka ba shi ne Farfesa ba ɗan siyasa ba ne. Bai taɓa tsayawa takara ba, ba shi da 'yan kamfe a unguwanni, ba shi da dillalan ƙuri'a a kasuwannin ƙauye. Har ila yau shi da Zik duk Kiristoci ne, a yankin da mafi yawan masu jefa ƙuri'a Musulmi ne.

Sauran huɗun kuwa duk gabas suka nufa, abin da ya kamata a riƙa tunawa, domin shekara tara ke nan kacal da ƙare yaƙin basasa. Jam'iyyar NPN ta raba muƙamai tun kafin a tsai da kowa: shugaban ƙasa daga Arewa, mataimaki daga gabas, shugaban jam'iyya daga yamma, wanda Cif Adisa Akinloye ya samu. Da Alhaji Shehu Shagari ya yi nasara a kan su Maitama Sule da Adamu Ciroma da Olusola Saraki da Joseph Tarka da Iya Abubakar, sai ya ɗauko Dakta Alex Ekwueme, mai zanen gine-gine daga Oko ta Jihar Anambara, wanda bai daɗe da rasa takarar gwamna a hannun Cif C.C. Onoh a cikin jam'iyyar ba. Malam Aminu Kano na PRP ya ɗauki Samuel Ikoku, mutumin Arochukwu, tsohon ɗan gwagwarmaya. Waziri Ibrahim ya ɗauki Dakta Ben Nzeribe daga Jihar Imo. Cif Obafemi Awolowo na UPN kuma ya ɗauki lauya Philip Umeadi daga Anambara, ya zamana shi da mataimakinsa duk 'yan kudu ne, duk Kiristoci ne, babu Arewa a ciki ko kaɗan. Masu cewa tsai da mutum biyu masu addini ɗaya sabon abu ne a Nijeriya sai su duba nan, tun a zaɓen farko jam'iyyu biyu daga cikin biyar sun yi haka.

An yi zaɓen ran 11 ga watan Agusta 1979. Shagari ya sami ƙuri'a miliyan 5 da dubu 688, Awolowo miliyan 4 da dubu 916, Zik miliyan 2 da dubu 822, Aminu Kano miliyan 1 da dubu 732, Waziri miliyan 1 da dubu 686. Amma abin da ya fi ba da mamaki yana cikin sakamakon jiha jiha. Babu mataimaki ko ɗaya cikin biyar ɗin da ya ci jiharsa. A Anambara, jihar Ekwueme da Umeadi, Zik ya kwashe fiye da kashi 80 cikin 100, Shagari bai kai kashi 14 ba, Awolowo kuwa ko kashi 1 bai kai ba. A Imo, jihar Ikoku da Nzeribe, Aminu bai kai kashi 1 ba, Waziri ya tsaya a wajen kashi 3. A Jihar Kaduna, wadda a lokacin ta haɗa da Katsina, Zik da Ishaya Audu ba su kai kashi 5 ba, jihar ta rabu ne tsakanin NPN da PRP. A Kano ba su kai kashi 1 ba. Jiha ɗaya da NPP ta ci a Arewa ita ce Filato, inda Zik ya sami kusan rabin ƙuri'u, Solomon Lar kuma ya zama gwamna, kuma duk wanda ya san Filato ya san cewa aikin Lar da mutanensa ne ya fi yawa a wannan nasara. Mutane sun bi wanda yake kan gaba ne, ba su dubi na bayansa ba.

Wannan ba ya nufin zaɓen mataimaki aikin banza ne. Ekwueme bai kawo wa Shagari Anambara ba, amma kasancewarsa a gefe ya sa NPN ta iya shiga Ribas da Kuros Riba da Bendel da fuskar jam'iyyar ƙasa baki ɗaya. Awolowo kuwa ya ba abokan hamayyarsa sanda, suka yi ta dukansa da ita a Arewa. Mataimaki bai cika ƙara ƙuri'a ba, amma in an yi kuskurensa yakan rage.

Sakamakon ya jawo shari'ar nan da har yau ake tunawa. Shagari ya sami kashi ɗaya cikin huɗu a jihohi 12, a ta 13, wato Kano, ya tsaya a kashi 19.94. Lauyan NPN Cif Richard Akinjide ya kawo hujjar cewa kashi biyu cikin uku na 19 shi ne 12 da biyu bisa uku, ba 13 ba, Hukumar Zaɓe ta Tarayya, wato FEDECO, ta ba Shagari nasara, Awolowo ya kai ƙara, Kotun Ƙoli ta tabbatar wa Shagari ran 26 ga watan Satumba. Aka rantsar da shi ran 1 ga watan Oktoba. Sai dai NPN ba ta da rinjaye a majalisa. Kujeru 36 gare ta cikin 95 na Majalisar Dattijai, da 168 cikin 449 na Majalisar Wakilai. NPP tana da 16 da 78. In an haɗa su sun isa. Haka aka ƙulla yarjejeniya tsakanin jam'iyyun biyu, irin wadda NPC da NCNC suka ƙulla bayan zaɓen 1959. NPP ta sami kakakin Majalisar Wakilai, Cif Edwin Ume-Ezeoke, da mataimakin shugaban Majalisar Dattijai, John Wash Pam, da kujerun ministoci. Babbar kujera a cikinsu, ta Ministan Harkokin Waje, ita aka ba Ishaya Audu. Mutumin da ya yi wata da watanni yana yawon neman a kayar da Shagari sai ga shi yana magana da yawunsa a gaban duniya. A majalisar ministocin kuma ya tarar da magajinsa na Samaru, Iya Abubakar, yana Ministan Tsaro.

Shekaru huɗun da ya yi a wannan ma'aikata ba na hutu ba ne. A watan Afrilu 1980 Zimbabuwe ta sami 'yancin kai, a watan kuma shugabannin Ƙungiyar Haɗa Kan Afirka suka taru a Ikko kan tattalin arziki. A ƙarshen wannan shekara sojojin Libiya suka shiga Cadi, a Janairu 1981 Gaddafi ya ba da sanarwar haɗe ƙasashen biyu, Nijeriya ta ƙi amincewa, domin ba ta son sojan Libiya a bakin Tafkin Cadi. Daga baya ta aika da sojojinta cikin rundunar kiyaye zaman lafiya tare da na Senegal da Zayar, a ƙarƙashin Manjo Janar Geoffrey Ejiga, ta kashe kuɗi masu yawa, amma hakan bai hana Hissène Habré kama Injamena a watan Yuni 1982 ba. A watan Mayu 1981 jandarmomin Kamaru suka kashe sojojin Nijeriya biyar a kan iyaka ta wajen Kuros Riba. Jaridu da 'yan majalisa suka yi ta kiran a rama, gwamnati ta ƙi yaƙi, Shagari ya ƙaurace wa taron shugabannin Afirka na Nairobi don nuna fushi, a ƙarshe Kamaru ta ba da haƙuri ta biya diyya. Waɗanda suka kira wannan tsoro a lokacin suna da yawa, amma mutanen Adamawa da Barno da ke da dangi a Garwa da Marwa sun san abin da aka tsallake.

Abin da ya fi muni shi ne korar baƙi a watan Janairu 1983, lokacin da kuɗin mai ya faɗi gwamnati ta ba duk baƙon da ba shi da takarda mako biyu ya fita. Ma'aikatar Harkokin Cikin Gida ce ta ba da umurnin, amma ma'aikatar Ishaya Audu ce ta sha kunyar kare shi a wajen maƙwabta. An fi tunawa da mutanen Gana, waɗanda suka kai wajen miliyan ɗaya, amma dattawan unguwanninmu na kudu za su tuna cewa 'yan Nijar da 'yan Cadi da suke kwana ɗaki ɗaya da su, suke sallah sahu ɗaya, su ma sun ɗaure kayansu.

Kafin wannan, a watan Yuli 1981, yarjejeniyar NPN da NPP ta wargaje. NPP tana kukan cewa ba a shawara da ita, NPN tana kukan cewa 'yan majalisar NPP ba su mara mata baya. Jam'iyya ta umurci ministocinta su sauka, su Paul Unongo ma sun riga sun bar gwamnati, amma Ishaya Audu ya zauna a kujerarsa, ya rabu da jam'iyyar da ta tsai da shi mataimaki shekara biyu da suka wuce. Wannan shi ne wurin da tarihinsa ya fi wuyar yanke hukunci. 'Yan NPP sun ɗauke shi butulci, kuma suna da hujja, domin ba don Zik ba da bai ga wannan kujera ba. Masu kare shi suna cewa a tsarin shugaba mai cikakken iko minista na shugaban ƙasa ne, ba na jam'iyya ba, kuma bai dace a bar ma'aikatar harkokin waje ba kowa ana tsakiyar rikici da Kamaru da Cadi. Mu dai abin da muke gani shi ne tun farko ba ɗan jam'iyyar ba ne na jini da tsoka. An ɗauko shi ne don sunansa da garinsu da addininsa su cike gurbi, wanda aka ɗauko ta wannan hanya kuwa igiyar da ta ɗaure shi da jam'iyya siririya ce. Laifin na wanda ya tafi ne, amma waɗanda suka yi lissafin ma suna da nasu kason.

Da 1983 ta zo an ga cewa kowa ya koyi wani abu. Zik ya ɗauko Musulmi daga Barno, Dakta Shettima Mustafa. Awolowo ya ɗauko Alhaji Muhammadu Kura daga Jihar Bauci. Malam Aminu Kano ya ambaci mace, Uwargida Bola Ogunbo, sai dai Allah ya yi masa rasuwa ran 17 ga watan Afrilu kafin a kai ga zaɓe. Shagari ya riƙe Ekwueme ya sake cin zaɓe. Daga nan al'adar haɗa Arewa da kudu ta zauna daram a manyan jam'iyyu, ta addini ce aka karya, kamar a 1993 da Abiola ya tsaya da Babagana Kingibe, da 2023 da Bola Tinubu ya tsaya da Kashim Shettima.

A sabuwar majalisar ministoci ta watan Oktoba 1983 Cif Emeka Anyaoku ne ya karɓi harkokin waje. Ran 31 ga watan Disamba soja suka kifar da gwamnati, Manjo Janar Muhammadu Buhari ya hau, aka kama 'yan siyasa birjik. Ishaya Audu na cikin waɗanda aka tsare, ya yi wajen shekara guda a tsare kafin a sake shi.

Bai sake neman wata kujera ba. Ya koma Samaru, daf da jami'ar da ya raina, ya buɗe asibitinsa yana duba marasa lafiya, ɗalibai da manoma da matan ƙauyukan kewaye, ya kuma kafa majami'arsa yana wa'azi. Waɗanda suka shiga jami'ar a shekarun 1990 da yawansu sun wuce ta ƙofar asibitin ba su san cewa dattijon da ke ciki ya taɓa riƙe jami'ar shekara tara ba, balle su san cewa ya taɓa zagaya jihohi 19 a gefen Zik. Ya rasu a Amurka ran 29 ga watan Agusta 2005, yana da shekara 78.